Sensar da ta gaji a wuyan salansa

Motata ƙirar 2001 ce, mai silinda huɗu, kuma a hannun kawuna na saye ta lokacin da ciwon gwiwa ya raba shi da tuƙi. Ya fi shekara talatin yana kanikanci kafin ya ajiye sifana, don haka motar ta zo mini da lafiyarta, har da wani ɗan littafi a aljihun ƙofa inda yake rubuta ranar da ya yi juyen baƙin mai da kilomitar da aka ci. Na ci gaba da rubutu a littafin kamar yadda na tarar, na ƙara da rubuta duk ranar da na cika tanki. Littafin nan ne ya fara sanar da ni akwai matsala, tun kafin wata fitila ta kama.

A da in na cika tanki nakan yi wajen kilomita 520 kafin allura ta kwanta. Sai na ga ya sauko 470, bayan wata biyu ya koma 430. Hanyata ba ta canja ba, kayan da nake ɗauka ba su ƙaru ba, iskar tayoyi kuma na auna daidai take. Da safe in na tayar da ita akwai wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas da nake ji daga gaba, wanda yake ɓacewa bayan minti biyu ko uku, na ɗauka tsufa ne kawai. In inji ya yi zafi kuma sai silo ya riƙa hawa da sauka kaɗan-kaɗan, kamar mai haki. Wata rana na tsaya a bayanta tana kunne, warin ɗanyen fetur ya doki hancina. Na bari ta huce, na shafa yatsa cikin bakin salansa, ya fito baƙi ƙirin, busasshe, babu maiƙo. Kwana uku bayan haka fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a dashbod ta tsaya cak.

Ina da 'yar ƙaramar sikana irin wadda ake sokawa a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, tana turo bayani zuwa wayar hannu. Soket ɗin mai ramuka 16 ne, na tsarin da ake kira OBD-II, wanda aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai ma ta bi sahu da irin nata ga motocin fetur a 2001. Na soka, lambobi biyu suka fito: P0133 da P0171. Ta farko tana nufin sensar oksijin ta gaba tana jinkirin amsawa. Ta biyu tana nufin kwamfutar mota tana ganin iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan.

Abin ya ɗaure mini kai. Mota tana zuƙar mai, salansa baƙi ƙirin, amma kwamfuta ta ce mai bai isa ba? Na ɗauki waya na kira Kawu.

"Kawu, barka da hutawa. Motar nan fa ta kunna wuta, sikana ta nuna sensar oksijin. Gobe in Allah ya kai mu zan nemo sabuwa."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, sikanar ce ta ce maka ta mutu, ko cewa ta yi ba ta yarda da abin da take ji daga gare ta ba? Kada ka sayi komai tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Ka fara neman abin da ya sa take faɗin abin da take faɗi."

A daren na zauna na bi aikin sensar dalla-dalla, domin sai na gane ta kafin in yanke mata hukunci. Girmanta bai wuce na fulogi da yawa ba. A jikin bututun hayaƙi ake ɗaure ta, kanta yana ciki, hayaƙi yana dukansa. A ƙarƙashin murfin ƙarfe mai tsage-tsage akwai wani ɗan ƙoƙon tangaran na sinadarin zirkoniya, an shafe shi ciki da waje da siririn platinom. Bayansa yana taɓa hayaƙi, cikinsa yana taɓa iskar waje, wadda kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, ita ce kuma ma'auninsa. Bambancin oksijin tsakanin ɓangarorin biyu shi yake sa tangaran ɗin ya haifar da 'yar wuta da kansa, kamar ƙaramin batir. In oksijin ya yi saura da yawa a hayaƙi, wutar takan sauka wajen volt 0.1. In ya ƙare ƙaf saboda mai ya yi yawa, sai ta hau wajen 0.9. Tsakiya, wato 0.45, nan ne haɗin da injin fetur yake so, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai in an auna da nauyi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne lafiyayyiyar sensa ba ta zama wuri ɗaya. Kwamfuta ta ƙara mai kaɗan, sensa ta hau. Ta rage, sensa ta sauka. Haka za su yi ta kai da komo, kusan sau ɗaya ko fiye a kowace daƙiƙa, muddin inji yana tafiya da zafinsa. Tukunyar tace hayaƙi da ke can gaba, wadda makanikai ke ce wa katalis, wannan daidaiton take buƙata kafin ta iya kashe gubar da ke cikin hayaƙi. Saboda ita ma aka ƙirƙiro sensar: kamfanin Bosch ne ya ƙera ta, Volvo kuma ya fara saka ta a motocinsa a 1976. Na farkon waya ɗaya ce da su, sai hayaƙi ya gasa su sun haura digiri 300 kafin su fara aiki. Daga baya aka saka musu hita a ciki don su yi zafi da wuri. Tawa waya huɗu gare ta: biyu na hita, ɗaya ta saƙo, ɗaya ta ƙasa.

A nan ne na gane maganar Kawu. Sensar ba ta ganin fetur sam, oksijin kaɗai take gani. Duk wata iska da ta sato hanya ta shiga hayaƙi kafin ya iso gare ta, za ta kai rahoto cewa mai ya yi kaɗan, kwamfuta kuma ta gaskata ta, ta ƙara buɗe wa nozul. Ko fulogi ɗaya ne yake fashin wuta, iskar da ba ta ƙone ba za ta wuce ta gabanta, ta ce mai bai isa ba. Ke nan mota tana iya shaƙewa da mai alhali kwamfuta tana kukan ƙarancinsa, kuma duka biyun gaskiya ne. Na koma kan sikana na buɗe inda take nuna gyaran mai na dogon lokaci, wato yawan abin da kwamfuta ta saba ƙarawa ko ragewa. Ya nuna ƙarin kashi 19 cikin 100. A lafiyayyen inji bai kamata ya wuce 10 ba, ko sama ko ƙasa.

Na fara da ɓangaren shigar iska. Na bi tiyo-tiyon roba ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasawa ina duba tsagewa, na ƙara matse ɗaurin babban tiyon da ya taso daga akwatin filta. Ban sami komai ba. Na kwance fulogi huɗun, dukkansu sun yi duhu iri ɗaya, babu wanda ya fita daban, alamar matsalar ta shafi silinda duka ne. Na sake kiran Kawu na zayyana masa. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Da safe, kafin ta yi zafi, ba ka jin wani ƙara?" Gabana ya faɗi, domin ƙaran nan na yi watanni ina jin sa.

Washegari da sassafe na buɗe bonet, na cire faifan ƙarfen da ke rufe manifol, wato bututun da ke tattaro hayaƙi daga silinda zuwa salansa, na sa ƙanena ya tayar da mota a fili inda iska ke kaɗawa. Ƙas-ƙas ɗin ya fito sarai. Na ce masa ya ɗan danne bakin salansa da tsumma na daƙiƙa biyu ko uku, nan take ƙaran ya koma huci. Na haska tocila inda manifol ya haɗu da kan inji, sai ga wani siririn layi baƙi a gefen silinda ta huɗu, kamar an zana da gawayi. Gaskit, shimfiɗar da ke toshe tsakaninsu, ya ƙone a wajen, noti ɗaya kuma ya saki. In inji yana sanyi ƙofar a buɗe take, in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura sai ta ɗan rufe, shi ya sa ƙaran yake ɓacewa. Mutum zai yi zaton hayaƙi fita kawai yake yi ta irin wannan ƙofa, amma hayaƙi bugu-bugu yake tafiya, kuma tsakanin bugu da bugu yakan tsotso iskar waje ciki. Tazarar wurin da sensata ba ta fi taki ɗaya ba.

Canjin gaskit ya ci mini yini guda. Na goge lambobin, na yi kwana huɗu ina zirga-zirgata. Gyaran mai ya sauko ƙarin kashi 6, P0171 ba ta dawo ba, ƙaran safe ya ɗauke. A rana ta biyar fitila ta sake kamawa, wannan karon P0133 ce ita kaɗai.

Yanzu kam sensar ce a gaban shari'a, amma duk da haka ban gaggauta ba. Na bari inji ya yi zafi har sikana ta nuna ruwan lagireto ya kai digiri 90, ta kuma nuna kwamfuta ta fara aiki da saƙon sensar. Wannan yana da muhimmanci, domin motar da aka cire wa tamostat, abin da ke tare ruwan lagireto har inji ya yi zafi, ko wadda nata ya maƙale a buɗe, takan daɗe ba ta kai zafinta ba, sai ta yi ta shan mai a ɗora wa sensa laifi. Wani abu kuma da na lura da shi: ƙananan sikanoni suna da nawa, in ka ce su nuna maka abu goma lokaci ɗaya sai lafiyayyiyar sensa ma ta zama kamar raguwa a kan allo. Na kashe komai na bar wutar sensar gaba kaɗai, na riƙe totur a juyi 2500 na tsawon minti biyu.

Layin da na gani ya ba ni tausayi. Maimakon ya riƙa tsalle daga ƙasa zuwa sama da zafi-zafi, sai yake hawa a hankali daga 0.3 zuwa 0.65, ya ɗan tsaya, ya gangaro, zagaye ɗaya yana cin daƙiƙa uku ko huɗu. Na taka totur da ƙarfi na saki. Kamata ya yi ya harba wajen 0.9 nan take, in na saki ya faɗo ƙasa warwas. Sai ya lallaɓa ya taɓa 0.7 da ƙyar. Ba ta mutu ba, gajiya ta yi, kuma irin wannan ta fi matacciya ɓarna, domin kwamfuta tana ci gaba da jin maganarta alhali labarin da take kawowa ya riga ya wuce.

Na duba hitarta ma, don sensar da ba ta samun zafi ita ma nawa take yi. Fis lafiya. Na bari ta huce, na zare soket ɗinta, na sa mita a kan wayoyi biyu masu launi ɗaya, na sami om 13 (ma'aunin turjiyar waya ga wuta), daidai da abin da littafin gyaran motar ya tanada. Ban sa mitar a kan wayar saƙo ba, ba a auna ta haka. A ɓangaren mota kuma volt 12 yana isowa, haƙoran soket babu tsatsa, waya ba ta goga jikin ƙarfe a ko'ina. Sensar baya, wadda ke bayan katalis, na leƙa ta na ga tana zaune lafiya wajen 0.6 zuwa 0.7 ba ta tsalle, alamar tukunyar tana aikinta. Na yi hamdala, domin man da ba ya ƙonewa in ya daɗe yana kwarara cikinta yakan gasa ta har cikinta ya narke. Na duba littafin Kawu daga farko har ƙarshe, babu inda aka taɓa canja sensa, ga mota ta ci kilomita 238,000. Irin waɗannan masu hita akan ba da shawarar canja su ne wajen 160,000.

Wajen neman sabuwa da lambar shasi na je, mai haruffa da lambobi 17, da kuma lambar da ke jikin tsohuwar. Ido ba ya raba su. Akwai wata iri da ake sakawa a wasu motocin tun ƙarshen shekarun 1990, ita ma waya huɗu, zarenta ɗaya, za ta ɗauru lafiya lau, amma ma'auninta daban ne gaba ɗaya, kwamfutar da ba tata ba ba za ta fahimce ta ba. Akwai kuma wadda ake cewa ta kowace mota ce, ba ta da soket, sai ka yanke na tsohuwar ka haɗa. Ni ban so ta ba. Launin wayoyi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani: a wani baƙa ce ta saƙo, farare biyu na hita, a wani kuma shuɗiya ce ta saƙo, baƙaƙe biyu na hita. Ga shi kuma wasu sensocin ta tsakanin silin wayar suke shaƙar iskar ma'auninsu, in ka like da dalma ko ka cusa giris a soket ka toshe musu numfashi. Na ɗauki mai soket irin na motar, tsawon waya ɗaya da tsohuwar.

Kwancewar ce aikin. Abin da ya shekara ashirin da wani abu yana gasuwa yana hucewa, shi da bututun sun zama kamar ƙarfe ɗaya. Tun dare na fesa man saki tsatsa a gindinta, da safe na ƙara. Na tayar da inji na minti biyu kacal, bututu ya yi ɗumi amma ba zafin da zai ƙona hannu ba, na kashe, na cire kan batir, na zare soket. Na ɗora soket ɗin sifana na musamman mai lamba 22, wanda aka tsaga gefensa don waya ta wuce. Na ja, ko gezau. Na ƙara ƙarfi, sai na ji bakin sifanar yana ɗan buɗewa ta wajen tsagar, yana neman cinye kusurwoyin notin. Na tsaya nan take.

Kawu da kansa ya zo ranar, yana zaune a kujera gefe da sandarsa. Ya ce, "Tunda ka tabbatar ba za ta koma ba, yanke wayar. Sa mata sifana mai zobe, wadda za ta kama ta ko'ina. Kuma kada ka fara da kwancewa, fara da ɗaurewa."

"Ɗaurewa kuma, Kawu?"

"Ɗan kaɗan, kamar faɗin farce. Tsatsar kake so ka karya."

Na yanke wayar, na zura zoben ya zauna daram. Na ja ta wajen ɗaurewa, na ji ƙas. Na juyo ta wajen kwancewa, ta motsa kamar rubu'in zagaye ta tsaya. Ya ce kada in tilasta mata. Na fesa mai, na mayar da ita baya, na sake kawowa gaba, baya, gaba, kowane karo tana ƙara sakin jiki tana kuka ƙii-ƙii, garin tsatsa ja yana zubowa a kan sifana. Na fi minti ashirin a haka kafin ta fara juyawa da yatsa. In da na sa dogon bututu na murɗe ta da ƙarfin tsiya, da ta fito da zaren ramin a jikinta, aikin ya koma na mai walda.

Na miƙa masa ita. Ya juya ta a hannu ya kai ta kusa da ido. Kan ya yi baƙi da busasshiyar kunkunniya, tsage-tsagen murfin rabinsu sun toshe. Ya ce wannan baƙin labari mai daɗi ne, man da ya yi yawa ne kawai, kuma mun riga mun toshe inda matsalar ta faro. In da fari ne kamar alli, da sai mu nemi inda aka shafa gam ɗin silikon a inji ko inda ruwan lagireto yake shiga silinda. In da toka ce mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, da inji yana cin baƙin mai ke nan. Kowanne daga cikin waɗannan zai kashe sabuwar kamar yadda ya kashe tsohuwar.

Na share zaren ramin da abin gyaran zare mai awon M18 da 1.5, na goge da tsumma. Sabuwar ta zo da man hana kamewa a shafe a zarenta, ban ƙara ba, ban kuma bari yatsana ya taɓa kanta ba. Da hannu na fara ɗaura ta, ina juya wayar tare da ita don kada ta nannaɗe, har sai da ta zauna. Sannan na sa sifana mai ma'auni na kai ƙarfin ɗaurinta 44 Nm kamar yadda littafin gyaran motar ya ce. Na bi da wayar ta cikin maƙalanta na asali, nesa da bututu, na tura soket har ya ce ƙas, na mayar da kan batir.

Na tayar, muka jira ta yi zafi, na riƙe totur a 2500 na miƙa wa Kawu wayar. Layin yana harbawa daga 0.1 zuwa 0.85 yana dawowa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, kamar haƙoran zarto. Na saki totur, silo ya zauna shiru ba ya rawa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a zamaninsu da mita mai allura suke kallon wannan rawar.

Na yi mako biyu ina sa ido, domin kwamfuta sai ta yi tafiye-tafiye iri-iri, da sanyi da zafi, da gudu da tsayuwa, kafin ta kammala gwajin kanta. Fitila ba ta dawo ba. Gyaran mai ya tsaya tsakanin ƙarin kashi 1 da 3. Tankin farko ya kai ni kilomita 495, na biyu 515. Na canja fulogi huɗun ma tunda sun sha hayaƙi, na goge bakin salansa fes don in ga ko baƙin zai sake taruwa, har yau bai taru ba. A littafin aljihun ƙofa, ƙarƙashin layin ƙarshe na rubutun Kawu da nawa, na rubuta: gaskit na manifol, sensar gaba, fulogi huɗu, 238,410. Ta baya tana nan da shekarunta, na sa alama a gefen shafin in riƙa leƙa ta duk lokacin juyen mai.